Muna Da Doki, Suna Da Littafi

A hutun da ya wuce, kafin in shiga motar Wudil, na tsaya wurin wani mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin kasuwar Sabon Gari ta Kano, irin waɗanda ke shimfiɗa buhu a ƙasa su kasa littattafan gwanjo kamar masu tallar gauta. Littafin darasi mai araha nake nema, ban kuwa same shi ba. Amma can ƙarƙashin tulin sai na ci karo da waɗansu littattafai uku masu kauri, masu bango mai tauri, takardunsu sun yi ja don tsufa, kowanne da hoton wata 'yar Baturiya a bisa ɗan ƙaramin doki. Mai kayan ya ce in ba da abin da ya sawwaƙa, don sun daɗe suna cin masa wuri. Na saya domin ƙannena su kalli hotuna. Tun daga ranar raina bai kwanta ba, shi ya sa na roƙi Malam Edita ya ba ni fili in amayar da abin da ke cikina, wanda zai ji haushi ya ji.

Ga wanda bai taɓa ganin irinsu ba, bari in ɗan yi bayani. Turawan Ingila suna da al'adar buga wa yara littafi guda mai kauri sau ɗaya a shekara. Akan fito da shi 'yan watanni kafin ƙarshen shekara, a sa masa lambar shekara mai zuwa, iyaye da gwaggonni su saya su ɓoye, sai ranar Kirsimeti su miƙa wa yaro. A shafin farko akwai gurbin da yaro zai rubuta sunansa, a kusurwa kuma ga farashi, wanda mai kyautar kan yanke da almakashi don kada a san nawa ya kashe. Akwai na ƙwallo, akwai na jirgin ƙasa, akwai na ban dariya. Waɗanda na tsinta na doki ne, ko in ce na kuru, watau ƙaramin doki, wanda a awonsu tsayinsa daga kofato zuwa doron kafaɗa bai wuce inci 58 ba. Da za a sa wa dawakin ƙauyukanmu wannan awo, da yawansu ba za su haye shi ba, sai su ma a kira su kuru, duk da kirarin da muke yi musu.

Ba haka kawai littattafan suka faɗo daga sama ba. A 1929 aka kafa ƙungiyar Pony Club a Ingila don koya wa yara hawa da kiwo. A 1949 aka fara buga mujallar Pony. Daga shekarun 1950 zuwa na 1970 kuwa sai abin ya zama kamar kasuwar kaka: ga Pony Club Annual, ga Pony Magazine Annual, ga Princess Tina Pony Book, kowa na fito da nasa. Marubutan ma sanannu ne a wurinsu. Joanna Cannan ta buga A Pony for Jean a 1936, 'ya'yanta mata uku, Josephine da Diana da Christine Pullein-Thompson, suka gaje ta, suka shafe rayuwarsu suna rubuta labarun doki. Ruby Ferguson ta rubuta littattafai tara a kan wata yarinya mai suna Jill daga 1949 zuwa 1962. Kakan su duka shi ne Black Beauty na Anna Sewell, na 1877, inda doki da bakinsa yake ba da labarin azabar da ya sha a hannun mutane. Yaran da suka karanta waɗannan littattafai yanzu sun yi furfura, suna bin su a intanet suna saye da tsada don tuna ƙuruciya. Waɗanda ba su sami mai so ba su ne ake ɗaurewa a dila tare da sauran tarkace, su ƙare a kan buhu a Sabon Gari.

Me ke ciki? Gajerun labarai ne, galibi na yarinyar da ta sami wani ramammen kuru wanda kowa ya raina, ta yi ta wahala da shi har ya ci gasa. Ba su ne suka tsaya mini a rai ba, don in ka karanta biyu ka karanta duka. Abin da ya tsaya mini shi ne darussan da aka cusa tsakanin labari da labari. Yadda ake duba haƙoran doki a san shekarunsa. Yadda ake ɗaga ƙafarsa a ƙwaƙule tsakuwa daga kofato. Yadda ake ɗaura sirdi har a tabbata bai zauna kan ƙashin baya ba. Dalilin da ya sa ake ba doki abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, watau don tumbinsa ƙarami ne, kuma ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga ke nan. Ga tambayoyi na gwada ƙwaƙwalwa, ga hotunan gwanaye irin su Pat Smythe, matar da ta ci lambar tagulla tare da 'yan ƙasarta a tsallen doki na wasannin Olamfik na 1956. Duk an rubuta su da harshen da ɗan shekara goma zai gane ba tare da malami ba.

To, ku lura da lokacin da aka yi wannan aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, sa'ad da tarakta ta kori doki daga gona, mota ta kore shi daga titi, soja ya sauka daga bayansa ya shiga tanka. Mutanen da doki ya gama yi musu amfani su ne suka zauna suka ce ilmin kiwonsa ba zai bi tsofaffin masu barga kabari ba, suka juye shi a takarda, suka miƙa wa 'yan yara kowace shekara.

Na isa garinmu Lajawa da littattafan a jaka. Da dare ƙanwata, wadda take aji biyar a firamare, ta buɗe wani shafi mai zanen doki guda, an ja kibiyoyi daga kowace gaɓa tasa zuwa sunanta, sun fi talatin. Ta ce, “Yaya, faɗa mini su da Hausa.” Na gyara zama irin na ɗan jami'a. Na ce kai, na ce wuya, na ce geza, na ce wutsiya, na ce kofato. Daga nan sai na kama tari. Ni da na haddace sunayen ƙasusuwan kwaɗo da Turanci don in ci jarrabawar sakandare, na kasa kai goma a jikin dabbar da na tashi ina jin haniniyarta a bayan ɗakin uwata.

Da safe muka ɗauki littafin muka tafi wurin Kaka. Shi ya yi shekaru yana kiwon doki, ya yi zagi tun yana saurayi, ya sha raka dawaki da ƙafa zuwa birni lokacin Salla. Yanzu idonsa ya yi rauni, sai da ya kai takardar dab da hanci. Ya dubi ƙanwata ya ce, “Amarya, wannan angon naki ɗan boko me ya kawo mana?” Ya daɗe yana kallon hoton, sa'an nan ya yi dariya har da buga ƙafa. Wai wane irin sirdi ne wannan, ba kwacciya gaba ba kwacciya baya, sai ka ce faifai? Wai kuma don me za a buga wa doki ƙarfe a kofato, ƙasarsu duk dutse ce? Amma da na fassara masa darasin haƙora sai ya yi shiru, ya ce, “Wannan Bature ya san doki.” Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya lissafa launuka: akawal, da kili, da hurde, da biɗi, da danda, da gunya, da bikili, da aharas, kowanne da abin da ya raba shi da ɗan'uwansa. Ya bi kayan hawa tun daga ragama da linzami da kamazuru, zuwa majayi da likkafa da jalala. Ya bambanta mana taƙama da sassarfa da sukuwa da zamiya. Ya faɗi yadda ake yaye duƙushi daga goɗiya, da lokacin da ake ba da kanwa, da dalilin da ya sa harƙiya ta fi wata ciyawa, da yadda ake adana harawa a kan rumfa don kada ta yi funfuna. Ya ce dokin da ya dawo daga tafiya ya ƙi yin birgima, a sa masa ido, akwai abin da ke damunsa. Har azahar bai maimaita magana ba. Ni kuwa ko biro ban zo da shi ba.

Jama'a, wannan fa tsoho ɗaya ne a gari ɗaya na ƙasar Wudil. Ku auna abin da ke cikin kawunan irinsa daga nan har Katsina da Daura da Maraɗi da Damagaram.

Ba sai na tunatar da ku matsayin doki a ƙasar nan ba, amma tun da mun zama masu mantuwa bari in taɓa kaɗan. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, kuma yana aika wa Kwararrafa dawaki. Cikin abubuwan da ake jingina wa Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, akwai dawakin zage. Masu zaɓen Sarkin Kano huɗu ne bisa al'ada, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, biyu daga cikinsu doki na cikin sunan sarautarsu, Makama kuwa shi ne ya daɗe yana riƙe da ƙasarmu ta Wudil. Ga Dawakin Kudu, ga Dawakin Tofa. Shamaki ma asalin aikinsa kula da barga ne. A Fabrairun 1903, a Kwatarkwashi, mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta afka wa bindigogin Turawa har ya faɗi, daga ranar dokin yaƙi ya gama aikinsa a ƙasar nan. Abin da ya rage sai dokin ado. Turawa suka ga abin ya ba su sha'awa, suka riƙa tara sarakuna ana yi wa baƙinsu hawa: a Kano a 1925 don Yariman Ingila, a Kaduna a 1956 don Sarauniya. Mu ma da muka karɓi mulki muka maimaita a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke tinƙaho da su, muka yi ta taya juna murna a Facebook.

Madalla da murna. Amma ina littafin? Na zaga shagunan littattafan Hausa ina tambayar littafin yara guda da ke koyar da kiwon doki da hawansa, kowa sai ya dube ni kamar na tambayi nonon kaza. Ba kuwa yau muka fara ɗab'i ba. An kafa Hukumar Fassara a 1929, shekara ɗaya da Pony Club. Gasar 1933 ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Magana Jari Ce ta fara fitowa a 1937, Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka yi NORLA a shekarun 1950, aka kafa kamfanin NNPC na Zariya a 1966. Dawaki sun cika waɗannan littattafai, gaskiya ne, kowane ɗan firamare na dā ya san Kwalele dokin Iliya ɗan Maiƙarfi. Makaɗa ma ba su bar shi ba, ga Narambaɗa da waƙarsa ta Dokin Iska. Sai dai a duk wuraren nan doki abin hawan jarumi ne, ana yabonsa don a yabi mai shi. Ba a faɗa wa yaro abin da dokin ya ci da safe, ko wanda ya kwashe kashinsa, ko yadda aka yi da shi ranar da cikinsa ya kumbura. A jami'o'inmu ana rubuta kundaye a kan doki da kayan doki don neman digiri, a ɗaure su da baƙin bango, a jera a kanta, gara da ƙura su gama da su. Wane yaro ne a Lajawa zai taɓa ganinsu?

Kada wani ya ce rubuta ilmin doki ɗabi'ar Nasara ce. Malaman Larabawa irin su Abu Ubaida da Asma'i sun wallafa littattafai sukutum a kan dawaki, Ibnul Kalbi ya rubuta nasabarsu, fiye da shekara dubu da ta wuce. Mu da muke karanta Suratul Adiyati tun muna kan allo, mu ya fi kamata mu riga kowa.

Wannan sakaci yana da sakamako, kuma a bayan dabbar yake fitowa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a barga bayan an sauka daga hawa ya san abin da nake nufi. A cire jalala mai ƙyalƙyali da ta sha kuɗi, sai ka ga gyambo ɗanye a gadon baya, ƙuda na bi. A cire linzami, ka ga kumfa ja, don linzaminmu mai zobe ne, an ƙera shi don mayaƙin da ke son tsayar da ingarma cikin taku ɗaya, kuma a hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa. Yau ya faɗa hannun samarin da suka yi hayar doki don hawan angwanci ko kilisa, waɗanda ba su san komai ba sai fizga da zuba kaimi, suna sukuwa a kan kwalta da dabbar da ba ta da takalmi, a bi ta kan yaro, a bi ta kan mai talla. Hukuma ta sha hana kilisa a titunan Kano, a yi kwana biyu a koma. Ta yaya doka za ta gyara hannun da ba a taɓa koya masa ba? Dā yaro yakan fara da dokin kara, ya koma riƙe ragama, ya yi shekaru yana yankan ciyawa da wanke doki kafin a bar shi ya taka likkafa, kuma duk wannan lokaci akwai tsoho a kansa yana ƙwaɓarsa. Wannan makaranta ta watse, babur ya kwashe ɗalibanta. Ba mu kuwa gina wata a gurbinta ba.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini a ɗakin kwananmu. Wani ya ce ana fama da tsadar masara, ga yara birjik ba sa zuwa makaranta, ni kuwa ina zancen doki. Na ji. Amma waɗanda ke zuwa makarantar fa, me suke karantawa in an tashi? Yaro ba ya koyon karatu don an ce masa karatu na da amfani, yana koyo ne ranar da ya ga takarda ta ƙunshi abin da ransa ke so. Na ga ƙanena, wanda sai da bulala yake buɗe littafin makaranta, ya kwana uku yana fama da Turancin da ya fi ƙarfinsa don kawai ya gane abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton wani kuru baƙi. Da da Hausa ne, da ya cinye littafin a dare ɗaya ya nemi ƙari.

Suka mai nauyi ita ce ta abokanmu 'yan gwagwarmaya, kuma ba zan raina ta ba. Suka ce doki alamar mulkin danniya ne. A bayansa aka kama bayi, a bayansa aka karɓi haraji da jangali, talaka ne ya noma dawar da ya ci, talaka ne aka tilasta wa yankar masa ciyawa, in mai doki ya wuce talaka ya faɗi ya yi gaisuwa cikin ƙurar kofatonsa. Suka ce irin wannan ne NEPU ta tashi yaƙa tun 1950, yanzu ni ina so a ɗauki kuɗin ɗalibai a yi wa sarauta kwalliya. Duk abin da suka faɗa na tarihi haka yake, Kaka ma ya ba ni labarin da ya fi nasu ɗaci. Amma ina tambayarsu: wa ya san doki? Hakimin da ake ɗorawa a sauke, ko kuwa mutumin da ya kwana a barga? Ilmin da nake magana a kai na zagi ne, na mai yankan ciyawa, na baduku mai ɗinka kayan sirdi, na maƙeri mai ƙera likkafa. Su ne talakawan da kuke cewa kuna kare wa haƙƙi. An yi wa mahayi waƙa, an ɗauki hotonsa, an kai sunansa har Paris, shi kuwa wanda ke gudu a ƙasa riƙe da bargo ko sunansa ba a tambaya. In kun bar abin da ya sani ya mutu tare da shi don kuna jin haushin ubangidansa, kun ƙwace masa abu na ƙarshe da ya mallaka. Ban da haka ma, littattafan Turawan nan ba 'ya'yan talakawa aka rubuta wa ba. Na masu hali ne, masu filin kiwo a bayan gida, kuma 'yar ma'aikacin masaƙa a can sai dai ta karanta ta haɗiyi yawu. Namu ba tilas ya bi wannan hanya ba. A sa jaki a ciki, dokin talaka, wanda cinikin fatarsa ya yi wa ɓarna har Tarayyar Afirka ta hana yanka shi don fata a 2024. A sa raƙumi da takarkari.

Akwai kuma masu neman sauƙi, waɗanda suka ce ai sai a fassara na Turawan a huta. Kayan aro ba ya rufe katara. Me yaron Lajawa zai yi da darasin lulluɓe doki saboda ƙanƙara, ko na farautar yanyawa da karnuka, wadda su kansu suka haramta da dokar 2004? Babu harawa a cikinsu, babu kanwa, babu ƙudan tsando, babu kaska irin tamu, babu zafin bazara. Abin ɗauka a wurinsu shi ne dabarar: labari, sa'an nan darasi, sa'an nan hoto, sa'an nan wasa, kowace shekara ba fashi, har yaro ya riƙa jiran fitowarsa kamar yadda yake jiran ɗinkin Salla. Abubakar Imam ya ɗebo daga Gabas da Yamma ya mayar da abin namu har ba a gane ɗinkin, ba kuwa wanda ya ce ya yi laifi.

Ba kuma ina cewa duk abin da tsofaffi suka faɗa a kwashe a buga ba. Kaka ya rantse mini cewa dokin da ke da wata irin alama a jiki ba ya zama gidan mutum sai ya ga bayan mai gidan. Wannan camfi ne, a rubuta shi a matsayin camfi. Waɗansu magungunan nasu na ƙuna da tsaga ma azaba ce kawai. Muna da masu karatun likitan dabbobi, akwai tsangayarsu a Zariya, akwai cibiyar bincike ta Vom tun 1924. Su zauna da tsofaffin nan su tace, a ware tsaba daga ƙaiƙayi. Sai dai su je da ladabi, su cire takalmi a ƙofar zaure, don mutumin da za su tarar ya ga dawaki fiye da waɗanda ke cikin littattafansu.

Wani abu kuma da ƙanwata ta lura da shi kafin ni: kusan duk mahayan da ke cikin hotunan mata ne. Ta ce, “Yaya, ashe mata ma suna hawa?” Na ce ba ga Sarauniya Amina ta Zazzau a littafinku na tarihi an zana ta a kan doki ba? Ta ce ai waccan ta labari ce. Ban sami amsar ba ta ba, na bar wa malamanmu da iyayenmu wannan.

Yanzu bari in juyo kanmu, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kowace shekara muna yin makon al'adu. Mu karɓi kuɗin ɗalibai, mu yi hayar rumfuna da makaɗa da dawaki, mu naɗa wa wani ɗan aji uku rawani mai kunne biyu mu kira shi sarki, a ɗora shi bisa dokin da ko sunan launinsa bai sani ba, yana riƙe da kwacciya hannu bibbiyu kamar mai tsoron faɗawa rijiya, a ɗauki hoto, a watsa a waya, a watse. Mai dokin, wani dattijo mai tsagaggen ƙafa, yana tsaye a rana yana jiran a sallame shi, ba wanda ya ce masa ko sannu. Wannan muke kira raya al'ada. Da za a rage rumfa ɗaya da makaɗi ɗaya, da kuɗin ya fara buga ɗan littafi mai shafi sittin. Marubutan littattafan soyayya na Kano sun nuna mana tun shekarun 1980 cewa ba sai an jira gwamnati ko babban kamfani ba, da kuɗin adashi ma ana buga littafi, kuma Bahaushe yana saye in an rubuta abin da ya shafe shi.

Abin da nake nema daga majalisar ƙungiyarmu a zamanta mai zuwa ke nan: a kafa kwamiti, a ba kowane ɗalibi da ya yarda aiki guda a hutu mai zuwa, ya nemi tsoho ɗaya a garinsu wanda ya yi kiwon doki ko zagi ko dukanci ko ƙira, ya zauna da shi, ya naɗi maganarsa a waya da izninsa, ya rubuta yadda ya faɗa da karin harshensa, kada ya gyara masa Hausa. Masu zane a cikinmu su zana doki da kibiyoyinsa. Masu ƙirƙira su rubuta labarai, amma don Allah a bar mana 'ya'yan sarki da aljanu haka nan, a ba mu labarin yaron da ke yankan ciyawa. 'Yan'uwanmu ƙananan ma'aikata da ke karanta mujallar nan, musamman na ma'aikatun ilmi da na ƙananan hukumomi, su taimaka ya shiga makarantu. A fito da shi cikin azumi, a sa masa kuɗin da uba zai iya haɗawa da na takalmin Salla. In ya fita, a sake wani baɗi, don doki ɗaya a fage gudu gare shi, sai an yi na biyu da na uku za a san ko da gaske muke.

Ni dai na fara nawa. Kafin in dawo makaranta na koma wurin Kaka da littafin rubutu, muka yi kwana huɗu, na cika shafi ashirin da bakwai. A rana ta ƙarshe muka zo kan wata igiya da ake ratsawa ƙarƙashin wutsiya don kada sirdi ya zame gaba in ana gangara. Ya kwatanta mini ita da hannu, ya faɗi irin fatar da ake yin ta da ita, amma sunan ya ƙi zuwa. Ya yi ta murza goshi. Can ya ce in je unguwar gabas in tambayi wani abokinsa baduku, shi ba ya mantuwa. Ƙanwata ta ce, “Kaka, ai shi ne wanda aka yi sadakar arba'in ɗinsa kafin azumi.” Ya yi shiru, sa'an nan ya ce in bar gurbin, in na dawo hutu wataƙila ya tuna. Gurbin yana nan a shafi na ashirin da shida.